MAI GIDA, YAUSHE RABONKA DA SHIGA MADAFA?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore mana abinci da abin sha, Ya kuma ɗora mana amanar iyalanmu. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Tun da aka sanar cewa maganarmu ta yau a kan tsabtar madafa za ta kasance, watau ɗakin girki, ko kicin kamar yadda 'yan zamani suke faɗa, muka ji wasu daga cikin maza suna cewa ashe yau laccar mata ce, su sai dai su zauna don neman ladan zama. To, muna ba su haƙuri, domin mafi yawan abin da za mu faɗa a kan masu gida zai sauka. Da tambaya ma za mu fara: Malam, yaushe rabonka da shiga madafar gidanka? Tsayawa daga bakin ƙofa ana tambaya ko abinci ya sauka ba ya cikin lissafi. Yaushe rabonka da ka shiga sosai, ka buɗe randa ka leƙa gindinta, ka ɗaga buhun masara ka ga abin da yake ƙarƙashinsa, ka bi rariya da ido ka ga inda ruwan wanke-wanke yake kwanciya?

Mun san junanmu. Da yawa daga cikinmu idan za su fito masallaci, riga fara ce fes, ta sha guga, ga turare, ga asuwaki a aljihu. Idan ɗigon fitsarin yaro ya taɓa bakin wando sai an canza, kuma hakan daidai ne. Zaure a share yake, falo an shimfiɗa darduma saboda baƙi. Amma a cikin gidan nan, wurin da ake dafa abin da zai shiga cikin mai gida da 'ya'yansa shi ne lungun da ya rage bayan an gama yanka ɗakuna, jikin bangon bayan gida, rariyarsu ɗaya, babu ƙofa, babu taga, kaji suna shiga suna fita, akuya tana lasar tukunya. Mai ginin bai yi shawara da wadda za ta wuni a ciki ba, kuma tun da aka tare bai ƙara taka wurin ba.

Akwai wani ruɗani da muke ganin shi ne tushen wannan sakaci a wurin masu son addini, kuma muna so mu daɗe a kansa kaɗan. Dukkanmu mun karanta babin ruwa tun muna yara, a Ishmawi da Iziyya da Risala. An koya mana cewa ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su jirkita ba, ruwa ne mai tsarki mai tsarkakewa, ana alwala da shi ana wanka. Wannan hukunci gaskiya ne, kuma a kan ibada yake magana. Sai muka ɗauke shi muka kai madafa, muka ce duk ruwan da ya yi garau a ido, ba wari ba ɗaci, to lafiyayye ne ga cikin jariri. Babu malamin fiƙihun da ya faɗi haka. Ku dubi ruwan teku. Ya tabbata a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik cewa mai tsarkakewa ne, amma wane mai hankali zai ɗura wa ɗansa shi? Ashe tsarkin ruwa don alwala hukunci ne guda, dacewarsa da sha kuma wani hukunci ne, wanda yake ƙarƙashin ƙa'idar nan da malamai suka haɗu a kanta, cewa cutarwa haramun ce kuma gusar da ita wajibi ne. Ƙwayar cutar kwalara ba ta canza launin ruwa, ba ta canza ɗanɗanonsa, hanci kuma ba ya jin ta. Allah Ya halicce ta ƙanƙanuwa yadda sai da madubin likita ake ganinta, kuma Shi ne Ya sanar da bayinsa ilmin gano ta.

Ba labarin wata ƙasa muke ba ku ba. A shekarar 1991 kwalara ta kama mutum sama da 59,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 7,600. A shekarar 2021 an lissafa mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu, sama da 3,600 suka rasu, kuma jihohin Bauci da Jigawa da Kano da Zamfara suna cikin waɗanda abin ya fi yi wa ɓarna. Tsakanin ƙarshen 1995 da tsakiyar 1996 annobar ta auka wa jihar Kano, mutum sama da 5,000 suka kwanta. Likitocin da suka bi diddiginta sun kwatanta waɗanda suka kamu da waɗanda ba su kamu ba, sai suka ga abubuwa biyu sun fito fili: masu shan ruwan da ake tallansa a titi sun fi kamuwa, masu wanke hannu da sabulu kafin cin abinci kuwa sun fi tsira. Ba muna aibata 'yan garuwa ba ne, bayin Allah ne masu neman halal da ƙarfinsu, kuma ba don su ba da unguwanni da yawa sun kwana da ƙishirwa. Abin tambaya shi ne, mai gidan da ya biya kuɗin kura guda, ya taɓa sanin daga wace rijiya aka ɗebo, ko yaushe rabon jarkar da wanki?

Ruwan sha dai maganinsa sananne ne. A tafasa shi har ya riƙa ɓararraka kamar minti 1, a bar shi ya huce a rufe. Wanda itace ko gawayi ya yi masa tsada, akwai ƙwayar kulorin da ake samu a asibiti da kantin magani, a sa gwargwadon yadda aka rubuta a jikinta, a jira minti 30. Alif da iyayenmu mata suke jefawa a ruwan rijiya ko na rafi yana kwantar da laka ne ruwan ya yi haske, ba ya kashe ƙwayar cuta, don haka bayan alif sai an tafasa. Ita rijiyar gida kuma, ma'aikatan lafiya suna son ta yi nisan kamar mita 30 da ramin masai. A yawancin gidajenmu na cikin gari ko rabin haka ba a samu, saboda haka wanda ya san rijiyarsa maƙwabciyar shadda ce, ya bar ruwanta ga wanki, kada ya shayar da shi sai ya bi ta wuta.

To, an tafasa ruwa an zuba a randa. Nan ma sauran aiki. Randa bakinta faɗi gare shi, moɗa kuma ɗaya ce ta kowa da kowa. Yaro ya fito daga bayan gida ya ɗauke ta a ƙasa inda ƙanensa ya yar, ya zura hannu har gwiwar hannu, ya kafa baki ya sha, ya mayar da sauran ciki. Duk itacen da aka ƙona ya tafi a banza. Manzon Allah (S.A.W.) ya hana mutum ya yi numfashi a cikin ƙwaryar sha, ya kuma hana kafa baki a bakin salka, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Mu da muke kiran mutane zuwa ga Sunna, ina wannan Sunnar a bakin randarmu? A samu moɗa mai dogon mariƙi, a kafa mata ƙusa a rataye ta, da ita ake ɗiba a zuba a kofi, ba a shan ruwa da ita. Wanda Allah Ya hore wa ya sayi bokiti mai murfi da famfo a jikinsa, hannu ba ya shiga sam. Randa kuma a riƙa juye ta ana wanke cikinta, kada a yi ta ƙara sabon ruwa a kan tsoho har gindinta ya yi santsi.

Sai hannu. Hadisin Abu Huraira (R.A.) sananne ne gare ku, wanda a cikinsa aka umarci wanda ya tashi daga barci ya wanke hannunsa kafin ya tsoma shi a mazubin ruwa, aka kuma ba da dalili da cewa bai san abin da hannun ya taɓa ba cikin dare. Ku lura, hannun da ba a ga komai a jikinsa ba ne aka ce a wanke. Wannan kaɗai ya isa ya rushe zancen masu cewa ai ba mu ga datti ba. Idan wanda ya kwana a shimfiɗarsa an ce ya wanke, ina ga uwar da ta gama yi wa yaro tsarki ta zubar da fo, ta ɗauraye hannu da ruwa zalla, ta koma tana mulmula fura ko tana yanka albasa? Akwai masu ɗauka cewa kashin jariri ba ƙazanta ba ne sosai tun da nono kaɗai yake sha. Likitoci sun tabbatar yana ɗauke da ƙwayoyin cuta kamar na babba, kuma ya fi haɗari ta wata fuska, domin shi ne ake sakaci da shi a tsakar gida. Sabulu ya zama yana da mazauni na dindindin a ƙofar bayan gida da kuma cikin madafa. Ranar da babu, toka mai tsabta ta fi ruwa zalla.

Mu ma maza muna da tamu. A wajen walima ko cin tuwon dare a ƙofar gida, sai a kawo ruwa a kwano ɗaya, mutum goma su tsoma hannu ɗaya bayan ɗaya, daga babba zuwa ƙarami. Na ƙarshe, wanda galibi yaro ne, da dattin mutum tara ya wanke hannunsa. Buta tana nan, a zuba wa kowa ruwan ya zube ƙasa. Wannan ba ya buƙatar ko sisin kwabo.

Game da soson wanke-wanke da tsumman goge kwano ba za mu tsawaita ba. Abu ne mai laima da maiƙo, kuma nan ƙwayoyin cuta suka fi son zama. A wanke su a shanya a rana kullum, a canza su idan sun tsufa. Kwanuka a kife su a kan wani abu mai tudu su bushe, kada a jera su a ƙasa bakin rariya.

Yanzu mu zo ga rufe abinci. Jabir ɗan Abdullahi (R.A.) ya ruwaito, a cikin Buhari da Muslim, umarnin Annabi (S.A.W.) na rufe ƙore da ɗaure bakin salka da kashe fitila idan za a kwanta, har ya yi sauƙi ga wanda bai sami murfi ba da ya gitta ko da kara ne ya ambaci sunan Allah. A wata ruwaya ta Muslim an ambaci annoba da take sauka cikin mazubin da aka bari a buɗe. A cikin wannan hadisi an ambaci ɓera da sunan ɓarna. Mu a wannan ƙasa mun ga wani abu daga ɓarnarsa da idonmu. A shekarar 1969 aka fara gano wata cuta a garin Lassa, cikin jihar Borno ta yanzu, aka kuma sa mata sunan garin. A shekarar 1970 ta ɓulla a Jos ta kashe har da ma'aikatan asibiti. Mai ɗauke da ita wani ɓera ne mai yawan nonuwa, wanda yake zama a gida da daji, shi cutar ba ta kayar da shi, amma tana fita a fitsarinsa da kashinsa. Ya bi ta kan gari ko shinkafa ko ƙanzon da aka shanya, ko ya hau kwanon da aka bari a buɗe cikin dare, shi ke nan. Cikin mutum 5 da suka kamu, kamar 4 abin yana zuwa musu da sauƙi ko ma ba su sani ba, 1 kuwa yana jigata, wasu su rasu, wasu su tashi da kurumta. Ta fi tsanani ga mata masu ciki. Kuma da rani ta fi yawa, daga wajen Disamba zuwa Afrilu, lokacin da aka kawo amfanin gona gida, aka kuma ƙone daji, ɓeraye suka taho inda abinci yake.

Saboda haka hatsi da gari su shiga mazubi mai murfi, ko duro ko bokiti ko tukunya, a ɗaga buhu daga ƙasa a raba shi da bango. A toshe ramuka, kuma wannan aikin namiji ne. Shanyar barkono da kuɓewa da masara a gefen titi ko a ƙasa tsirara, a bar ta ta kwana a waje, a daina. Idan an ga kashin ɓera kada a share shi a bushe ƙura ta tashi a shaƙa, a fara yayyafa masa ruwan bilic. Mushen ɓera ba a ɗaukarsa da hannu tsirara, yaranmu masu farautar ɓera da gafiya kuma a tsawata musu. Uwar Muminai Maimuna (R.A.) ta ruwaito hukuncin ɓeran da ya faɗa cikin man shanu, aka yi umarni da a jefar da shi tare da abin da yake kewaye da shi, malamai kuma suka yi bayani a kan bambancin daskararre da narkakke. Abin da muke so ku riƙe shi ne, shari'a da kanta ta yarda a yi asarar wani yanki na abinci don a tsira. To, tuwon da aka wayi gari an ga sawun haƙorin ɓera a jikinsa, kada tsoron almubazzaranci ya sa a yanke gefen a ba yara sauran.

Mun san wani zai ce, ina hadisin ƙuda? Hadisin yana cikin Buhari, ba mu musunsa. Amma yana magana ne a kan abin da za a yi bayan ƙuda ya riga ya faɗa cikin abin sha. Babu inda ya ce a bar abinci a buɗe ƙudaje su yi biki a kai, alhali wanda ya faɗe shi shi ne ya yi umarni da rufewa. Ƙudan da ya taso daga bakin masai mara murfi ya sauka a kan kokon jariri, faifai guda ya isa ya tare shi.

Daga nan sai kwanan abinci, kuma a nan muna roƙon iyayenmu mata su ba mu kunnuwansu. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa ne a abincin da ba zafi ba sanyi, tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin zafi. Idan sun sami yadda suke so, wasunsu suna ninkuwa duk minti 20, watau ƙwaya 1 tana iya haura miliyan 2 cikin awa 7. Ku tuna yadda zafin bazara yake a Sakkwato ko Maiduguri, inda yake wuce digiri 40. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan. Mun san ɗumame abincinmu ne tun kaka da kakanni, ba kuma za mu ce a bar shi ba. Amma ɗumame na gaskiya shi ne wanda ya tafasa har cikinsa, a yayyanka tuwon ƙanana, miya ta ɓararraka, tururi ya tashi ta ko'ina. Wanda aka ɗora a kan raguwar wuta ya yi ɗumi-ɗumi don yara suna saurin tafiya makaranta, wannan an ƙara wa cuta ƙarfi ne. Shinkafa kuwa tana da nata sharrin: akwai wata ƙwayar cuta da dahuwa ba ta gamawa da ita, idan shinkafar ta daɗe a ajiye sai ta zuba wani dafi wanda ko an sake ɗumamawa ba ya mutuwa. Gara a dafa daidai ci. Kular zuba abinci ma ba ta riƙe zafi har abada, abin da aka zuba da hantsi kafin isha ya koma daidai ɗumin da cuta take so. Haka firijin da wuta ta ɗauke masa tun safe, akwati ne kawai.

Wanda ya fi shan wahalar wannan shi ne yaron da ake yayewa. A dama masa koko da asuba, a yi ta ba shi daga kofi ɗaya har la'asar, ya kama gudawa, sai a ce haƙori ne yake fitarwa, ko a ce maita, ko a ce kambun baka, wal iyazu billahi, a tafi neman laya. Ga cutar jiki, ga kuma ta aƙida a kanta. Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2015 ta nuna mutum miliyan 600 suke rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 suke mutuwa, daga cikinsu 125,000 yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, kuma nahiyarmu ta Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin.

Ɗanyen nama da kaza a raba su da abin da za a ci ba dahuwa. Wuƙar da aka gyara kaza da ita, da katakon da aka yanka a kai, ba a yanka latas ko kabeji ko tumatir da su sai an wanke da sabulu. A tuna da wannan musamman ranar layya, ranar da jini da tumbi da ƙudaje suke cika tsakar gida. Ganyen da ake ci ɗanye a wanke shi da ruwan da za a iya sha, domin wani lambun da ruwan kwata ake yi masa ban-ruwa, kamar yadda duk wanda ya san bakin rafin Jakara a Kano ya sani. Madarar shanu kuma a tafasa ta kafin a sha ko a kwantar da ita.

Akwai kuma gubar da mu da kanmu muke kai wa madafa. Kananzir a kwalbar lemo, a ajiye inda yaro zai kai hannu. Fiya-fiya a yayyafa kusa da kwanukan abinci. Jarkar maganin feshin gona a ɗauraye ta a mayar ta ta mai ko ta ruwa. Gyaɗa da masarar da suka yi hunhuna a ce a kai niƙa ai wuta za ta kashe, alhali dafin da hunhunar take bari wuta ba ta kashe shi, hanta yake ci sannu a hankali, kuma a ƙasar Kenya a shekarar 2004 ya kashe mutum 125 da suka ci irin wannan masara. Ba mu kuma manta da Zamfara ba a shekarar 2010, lokacin da aka riƙa shigo da duwatsun zinariya cikin gidaje a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ana daka su ana niƙawa a tsakar gidan da ake girki yara suna rarrafe, gubar dalma ta kashe yara sama da 400. Maza ne suka kawo duwatsun.

Wani zai ce duk wannan tsoro ne, abin da Allah Ya ƙaddara babu makawa. Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da mara daɗi. Amma Sayyidina Umar (R.A.) ya fi mu imani da ita, kuma da ya nufi Sham aka gaya masa annoba ta sauka can, sai ya juya da jama'arsa, ya kuma bayyana wa Abu Ubaida (R.A.) cewa juyawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take. Mai cewa ƙaddara a kan randa, ba mu ga ya bar shagonsa a buɗe ya tafi gida ya kwanta ba.

Wani kuma zai ce talauci. Wannan uzuri yana da ƙamshin gaskiya, domin mun san halin da ake ciki, mun san gidan haya mai iyali takwas da madafa ɗaya da masai ɗaya, mun san unguwar da famfo ya shekara bai kawo ruwa ba, kuma hakkin da yake kan hukuma yana nan a kanta, za mu ci gaba da faɗa. Amma faifai nawa yake? Ƙusar rataye moɗa nawa take? Mai gidan da yake ba da kuɗin cefane a ƙirge, babu na sabulu a ciki, sannan ya dawo yana faɗa wai matarsa ƙazama ce, ya dubi abin da yake kashewa a goro da shayi da katin waya. Ciyarwar da Allah Ya wajabta masa ba ta tsaya ga mudun hatsi ba. Ruwa mai kyau, da makamashin tafasa shi, da mazubi mai murfi, da gyaran rariya, da taga ko mafitar hayaƙi don kada matarsa da goyonta su wuni suna shaƙar hayaƙin itace, duk suna cikin zama da iyali da kyautatawa. Dattawan da suke nan sun tuna zamanin duba-gari, da yadda gida yake rikicewa da shara idan an ji sun shigo unguwa suna leƙa randuna. Wasunmu sun tuna 1985, lokacin da gwamnatin soja ta tilasta tsabtar muhalli har aka saba da sharar Asabar ɗin ƙarshen wata. Abin kunya ne a ce tsoron tara ya sa mu abin da hadisin kiwo bai sa mu ba, alhali mun haddace cewa kowane mai gida abin tambaya ne a kan iyalinsa.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya gafarta masa, a cikin Nurul Albab ya zargi malaman zamaninsa da suke karantar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, har ya kwatanta yadda suke riƙonsu da yadda ake riƙon kayan aikin gida. Matar da ba a koya mata yadda cuta take bi ta shiga cikin ɗanta ba, laifin wa? Muna kira ga makarantunmu na Islamiyya, na matan aure da na yara, idan an zo babin tsarki a gayyato ma'aikaciyar lafiya daga cikin 'yan'uwa mata ta yi bayanin wannan ɓangare. Uwar Muminai A'isha (R.A.) kuma da aka tambaye ta abin da Annabi (S.A.W.) yake yi a gida, ta ba da labarin cewa yana cikin hidimar iyalinsa har lokacin salla ya yi. Mai ganin shiga madafa zubar da girma ne, ya auna girmansa da wannan.

Mu kanmu masu shirya taruka mu fara. Girkin wa'azi da na buɗa-baki a watan azumi da na walimar sauka, inda ake dafa wa ɗaruruwa tun safe a raba da dare, nan ne kuskure ɗaya yake kwantar da unguwa guda. Muna roƙon shugabannin 'yan agaji su sa mutum biyu ko uku waɗanda aikinsu ke nan: su san inda aka ɗebo ruwa, su ajiye buta da sabulu a wurin masu girki da wurin masu ci, su tabbatar ba a raba abin da ya kwana.

Idan kuma duk da haka gudawa ta kama wani a gida, musamman yaro, abin da yake kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki, kuma a kwalara yana iya faruwa cikin 'yan awoyi. Madafar nan ita ce wurin taimakon farko. A samu ruwan da aka tafasa ya huce lita 1, a zuba sukari cokalin shayi 6 a shafe ba a tula ba, da gishiri rabin cokalin shayi, a motsa, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ko yana amai. Wanda yake da ƙunshin gishiri da sukari na asibiti ya fi, a haɗa shi yadda aka rubuta. Mai shan nono kada a cire shi daga nono. Abin da aka haɗa idan ya kwana ya wuni a zubar a sake sabo. Idan aka ga bayan gida ya koma kamar ruwan wankin shinkafa, ko ido ya faɗa, ko yaro ya kasa sha, ko akwai jini, to a ɗauke shi zuwa asibiti a wannan sa'a ana ba shi ruwan a hanya, kada a ce sai mai gida ya dawo daga kasuwa. Ku kuma masu gida, ku ba da wannan izini tun yau idan kun koma, ku ajiye kuɗin mota a inda uwar gida ta sani.

Mun ga ladan ya miƙe, nan za mu dakata. Tambayoyin da iyayenmu mata suka aiko a rubuce za mu amsa su bayan salla in Allah Ya so. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.